Zauren Kakanmu da Masaukan Sifaniya

Daminar bara ce ta tayar da maganar. Ruwan da aka kwana ana yi a wani daren watan Agusta ya jiƙa katangar gidanmu ta gabas har ta zauna, kafin kiran assalatu ta zube cikin lungu. Allah Ya kiyaye ba ta danne kowa ba, sai akurkin kajin Gwaggo. To amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kwana uku ba a yi ba sai ga 'yan'uwa sun taru a zaure, na Sabon Titi da na Gwammaja da na Kaduna, aka shimfiɗa tabarmi, aka ce lokaci ya yi da za a rushe gidan baki ɗaya, a tayar da shi da bulo da siminti, a fitar da shaguna huɗu a inda zauren yake, haya ta riƙa shigowa. Mu da muke malaman makaranta, abin da muka mallaka bai wuce alli da jan biro ba, sai muka yi shiru, domin a irin wannan taro wanda zai sayi siminti shi ke da bakin magana.

Ya kamata mai karatu ya san irin gidan da ake magana a kai. Gida ne na ƙasa a nan Sheshe, cikin birnin Kano. Zaurensa na fari ɗaurin guga ne, an ɗora rufinsa a kan bakan gizo, azarorinsa na giginya sun yi baƙi ƙirin saboda shekaru da hayaƙin fitila. Daga shi sai shigifa, sai ɗakuna biyar a jere waɗanda har yau muke kira ɗakunan baƙi, alhali kuwa rabon da baƙo ya kwana a cikinsu tun muna 'yan firamare. Kakanmu, Allah Ya jiƙansa, fatoma ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Fatake masu goro daga Gwanja da Buzaye masu gishiri da dabino daga Azbin a nan suke sauka. Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Shi zai ba baƙo wurin kwana, ya aika masa da tuwo daga cikin gida, ya ajiye masa kayansa, ya yi masa tafinta, ya nemo masa mai saye a kasuwar Kurmi, ya tsaya masa idan za a ba da bashi. Abin da yake samu shi ne la'ada idan an yi ciniki. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya kuma manyan motoci suka biyo, sai hanyoyin fatauci suka sauya, baƙin suka riƙa raguwa, har aka wayi gari ɗakunan sun zama ma'ajiyar tsofaffin kwanuka da buhunan gawayi.

Ana cikin wannan ja-in-ja Sallah ta zo, sai ga wani tsohon ɗalibinmu ya kawo mana gaisuwa. Yaron nan mun koya masa labarin ƙasa shekaru goma sha biyu da suka wuce, ya tafi karatu Sifaniya, ya ƙare, ya kama aiki a wani otal a birnin Garnaɗa, wanda Turawa ke kira Granada. Muka sauke shi a zaure, aka kawo masa ruwa da cincin. Maimakon ya dube mu, sai ya ɗaga kai yana kallon rufi, ya daɗe bai ce komai ba.

Can ya ce, “Ranka ya daɗe, Malam, wa ya yi muku wannan ginin?”

Muka ce, “Wani magini ne da ko sunansa ba mu riska ba. Ka ƙare masa kallo, ɗana, don wataƙila in ka dawo baɗi kantin sayar da katin waya za ka tarar.”

Ya ajiye kofin ruwan. Ya ce, “Malam, inda nake aiki, irin wannan ɗakin shi ake biyan kuɗi mafi tsada a kwana a ciki.”

Muka yi dariya, mun ɗauka ladabi ne irin na ɗalibi ga malaminsa. Sai ya ciro wayarsa ya shiga nuna mana hotuna. Muka ga tsakar gida da kududdufin ruwa a tsakiya, da bishiyoyin lemo, da ƙofofi masu lanƙwasa kamar bakan gizon zaurenmu, da katanga mai kauri wadda mutum zai iya kwanciya a kan tagarta. Ya faɗa mana abin da ake biya a kwana ɗaya. Muka juya shi zuwa naira a zuci, muka sake juyawa don kada a ce malami ya yi kuskuren lissafi, muka ga ya ninka albashinmu na wata har da ɗoriya.

Bayan tafiyarsa abin ya tsaya mana a rai, muka shiga bincike kamar za mu shiga aji da shi. Abin da muka gano shi ne tun a 1928, zamanin Sarki Alfonso na 13, gwamnatin Sifaniya ta ƙirƙiro wasu masaukai nata na kanta da ake kira Parador. Na farkonsu an buɗe shi a tsaunukan Gredos, yanzu kuwa sun kusa ɗari. Hikimar da ke ciki ita ce da yawansu ba sababbin gine-gine ba ne. Tsofaffin fadoji ne da ganuwoyi da gidajen ibada waɗanda suka fara lalacewa, aka gyara su, aka sa gadaje da ruwan famfo, kuɗin da baƙi ke biya shi ke riƙe da ginin. Wanda ke Santiago de Compostela asalinsa masauki ne da asibiti da Sarki Fernando da Sarauniya Isabel suka ba da umarnin kafawa a 1499 domin masu ziyarar ibada, sai a 1954 ya koma otal. Wanda ke Garnaɗa kuwa yana cikin harabar Alhamra kanta, fadar sarakunan Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, wadda ta faɗi a farkon 1492. Sama da mutum miliyan biyu ke zuwa kallon wannan fada kowace shekara. A 2024 baƙi kusan miliyan 94 suka shiga Sifaniya, ƙasar da mutanenta ba su cika miliyan 50 ba.

Haka abin yake a ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci a ƙetaren teku. A birnin Cartagena na Kolombiya, wanda shi ma ganuwa ce ta kewaye tsohon garinsa kamar namu, akwai otal ɗin Santa Clara da ke cikin gidan mata masu ibada da aka gina a 1621. A Cusco ta ƙasar Peru akwai Monasterio, wanda asalinsa makarantar horar da limaman coci ce ta ƙarshen ƙarni na 16. A yankin Yucatán na Meziko tsofaffin gidajen gona aka mayar masaukan alfarma. Attajirin da ya gaji da benen gilashi a garinsu yakan kwashi kuɗinsa ya hau jirgi na awa goma don ya kwana a ɗakin da ya girme kakan kakansa. Mu kuma a nan muna tara kuɗi don mu rushe irin wannan ɗakin mu gina abin da shi ya gudo ya bari.

Amma abin da ya fi taɓa mu a cikin hotunan yaron nan ba otal ɗin alfarma ba ne. Wani tsohon gida ne a tsakiyar Garnaɗa da ake kira Corral del Carbón, wanda aka gina a ƙarni na 14 lokacin Musulmi na mulkin garin. Ƙofa ɗaya gare shi, da fili a tsakiya, da ɗakuna kewaye da shi hawa-hawa. Ƙasa wurin dabbobi da kaya, sama wurin kwanan fatake. Wato gidan fatoma ne sak. Larabawa na kiran irinsa alfunduƙ, daga nan Sifaniyanci ya samo kalmar alhóndiga. Da muka ga haka sai muka tuna da Alfindiki, unguwar da ke nan cikin birni wadda muke ratsawa tun muna yara ba mu taɓa tambayar ma'anar sunanta ba. Ita ma daga alfunduƙ ta samo sunan, masaukin fatake. Kalma ɗaya ce ta rabu biyu, rabi ya haye teku zuwa Andalus, rabi ya ƙetaro Sahara zuwa Kano. Su sun adana ginin, mu sunan kawai ya rage mana, shi ma ba mu san fassararsa ba.

Ba wannan kaɗai ba ne zumuncin da ke tsakani. Mutumin da suke kira alcalde, shugaban gari, da alƙalinmu tushensu ɗaya. Hasan ɗan Muhammadu Alwazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, a Garnaɗa aka haife shi, ya tashi a Fas, kuma ya ambaci Kano a littafinsa da aka buga a 1550. Lokacin da Garnaɗa ke faɗuwa, Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ya sauki Shehu Magili. Ita kanta Sheshe sunan baƙo ce. Tarihin Kano ya lissafa Sheshe cikin Wangarawan da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji, tare da su Abdurrahman Zaite da Mandawari. Ashe unguwarmu da maƙwabtanta baƙi ne aka sauka, aka kyautata musu, har suka zama 'yan gari. Garin da aka gina shi da saukar baƙi, yau idan baƙon kirki ya zo kallon hawan Sallah babu inda zai kwana a cikin ganuwa, sai a kwashe shi zuwa Bompai ko Nassarawa, a kawo shi cikin birni da mota, ya ɗauki hoto ta taga, a mayar da shi.

Me ya kawo haka? A ganinmu abu biyu ne. Na farko, Bahaushe matafiyi ne, amma ba don shaƙatawa yake tafiya ba. Yana tafiya fatauci, ko neman ilmi, ko aikin hajji, ko cin rani, ko sada zumunci. Wanda ya ce zai je wani gari don kawai ya huta ya kalli duwatsu, sai a ce ba shi da aikin yi. Saboda haka ba ma ganin darajar mai zuwa kallo, balle mu tanadar masa wuri. Na biyu, kalmar otal ta shigo mana da baƙin jini. A kunnen iyayenmu otal wurin giya ne da matan banza, can bayan ganuwa. Mun tuna muna samari idan aka ce an ga wane a otal, to maganar aurensa ta shiga matsala. Sai muka raba abu ɗaya gida biyu. Saukar baƙo kyauta ibada ce, tunda baƙonka annabinka, saukar baƙo don kuɗi kuwa abin kunya. Muka manta kakanninmu sun haɗa biyun, sun ci la'adarsu halal, mutuncinsu bai ragu ba.

Ba za a ce ba a taɓa yin yunƙuri ba. Marigayi Audu Bako, da ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya yi tunanin baƙi. Ya gina gidan namun daji, da madatsar ruwa ta Tiga, da otal ɗin tafkin Bagauda. A daidai waɗannan shekarun ne gwamnatin Meziko ta fara gina Cancún a bakin wani rairayi da ba kowa sai 'yan tsirarun masunta. Cancún ta zama birnin da miliyoyi ke zuwa hutu. Bagauda kuwa, inda aka taɓa kai mu yawon makaranta muka ga kwamin wanka karon farko a rayuwarmu, ta koma reshen Makarantar Horar da Lauyoyi. Alhamdu lillahi da ba ta zama kango ba, amma ba don haka aka gina ta ba. Darasin da muka ɗauka shi ne teku suke da shi, teku suka sayar. Mu kuwa abin da muke da shi wanda babu irinsa ko'ina shi ne badala da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, da Dala, da marinar Ƙofar Mata, da Kurmi, da Gidan Makama, da lungunan nan namu. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano a jerin wuraren da ake neman UNESCO ta amince da su, amma kowa ya bi ta gefenta ya ga yadda aka ɗebe ƙasarta aka yi gini a kanta. A Disambar 2024 aka sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake adanawa, kuma a birnin Asunción na Paraguay aka yanke shawarar, ƙasar masu Sifaniyanci. Mutanen nesa sun ga abin da muke takawa kullum ba mu gani.

Da wannan ɗumin muka shiga cikin gida wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka ga baƙin ƙarshe. Muka zayyana mata komai, har da hotuna. Ta saurara tana jan carbi, sannan ta ce, “To, malamin boko, na ji. Yanzu so kake a mayar da gidan ubana otal, ina tsakar gida ina tankaɗe wani ƙato ya leƙo da abin ɗaukar hoto? Su waɗancan da ka ce sun gyara gidajen, masu gidan suna ina?”

Ba mu da amsa a lokacin, kuma da muka koma bincike sai muka tarar tsohuwar ta harbi inda ya dace. A 2024 dubban mutane suka fito zanga-zanga a tsibiran Kanariya da Mayorka da Barcelona suna kukan baƙi sun yi musu yawa. A Barcelona har da masu fesa wa baƙi ruwa da bindigar wasan yara. Dalilinsu shi ne masu gidaje sun gano bai wa baƙo haya na kwana uku ya fi riba a kan bai wa ɗan gari na wata, kuɗin haya ya tashi, 'ya'yan unguwa suka kasa zama inda aka haife su. Har hukumar birnin ta ce za ta daina sabunta lasisin gidajen hayar baƙi kimanin dubu goma zuwa ƙarshen 2028. Ɗalibinmu ma da muka tambaye shi ta waya ya ce a unguwar Albaicín, tsohuwar unguwar Musulmi da ke fuskantar Alhamra, gidajen sun yi kyau, an shafe su da farar ƙasa, amma da yawan waɗanda suka tashi a ciki sun koma bayan gari, shi kansa daga nesa yake shigowa aiki. Ashe ana iya ceton gini a rasa mutanensa. Sheshe da babu makarantar allo da hayaniyar yara, babu mai ƙosai a bakin lungu, babu tsofaffi a dakali bayan la'asar, ko an yi mata ado da zinariya ba Sheshe ba ce.

Bugu da ƙari, gaskiya ɗaya ce. Babu baƙon da zai biya kuɗi ya kwana inda kwata ta toshe, wuta sai an ga dama, ruwa sai na 'yan garuwa. Kuma 'yan'uwanmu masu son siminti ba mahaukata ba ne. Ginin ƙasa yana son hidima, kowace shekara sai an yi yaɓe, a duba indararo, a cire ciyawar kan soro kafin ruwa ya sauka. A da gayya ake yi, yanzu kuwa kowa na wajen nema. Sai da muka yi kwana huɗu muna cigiya kafin muka sami maginin da ya san haɗin makuba da laso, dattijo ne ya haura saba'in. Muka tambaye shi yaransa, ya ce duk sun koma buga bulo, ɗaya kuma yana jan a-daidaita-sahu. Ya shafa bangon zauren da tafin hannunsa, ya ƙwanƙwasa azara, ya ce, “Malam, wannan ko jikokinka sai sun bar shi a tsaye, in dai ba ku kuka kayar da shi ba. Ba tsufa ke kashe soro ba, rashin kula ne.”

A taro na biyu muka yi ƙarfin hali muka nemi izinin magana. Ba mu ce a yi otal ba, don mun riga mun sha kaye a hannun Gwaggo. Abin da muka roƙa shi ne a bar zaure da shigifa da ɗakunan baƙi biyar yadda suke, a gyara su da ƙasa, sauran cikin gida inda iyali ke zaune a yi masa siminti yadda ake so. Muka ce mu za mu ɗauki nauyin yaɓen kowace shekara daga ɗan abin da muke samu na darasin yamma. Yayanmu babba ya dube mu ya ce, “Kai da ko babur ɗinka sai an tura?” Aka yi dariya, mu ma muka yi. Aka yi ta muhawara har aka kira magariba. Daga ƙarshe aka tsaya a kan shaguna biyu a gefen da katanga ta faɗi, zaure kuma a bar shi na shekara uku a gani ko za mu cika alkawari. Idan muka gaza, ranar da wa'adi ya cika za a kawo masu diga.

Mun karɓi sharaɗin. An yi yaɓen farko kafin saukar ruwan bana, kuma mun kawo 'yan ajinmu goma sha biyu suka taya dattijon nan cuɗa ƙasa, yana nuna musu yadda ake murza tubali. Biyu daga cikinsu sun ce za su dawo lokacin hutu. Mun kwashe buhunan gawayi daga ɗaki ɗaya, mun share, mun shimfiɗa sabuwar tabarma da katifa, mun ajiye buta da randa. Ba mu rataya allo a ƙofa ba, ba mu kuma sa farashi ba. Wani malami daga Damagaram da ya zo duba wasu tsofaffin littattafai a birni shi ya fara kwana a ciki, dare uku, kuma Gwaggo da kanta ta aika masa da tuwon dawa miyar kuka. Da zai tafi ya ce rabon da ya yi barci babu fanka bai farka cikin gumi ba har ya manta.

Ɗalibinmu ya ce in Allah Ya kai mu babbar Sallah zai zo da wani abokin aikinsa ɗan Garnaɗa wanda ke son ganin hawan Daushe. Mun gaya wa Gwaggo. Ta yi shiru, sannan ta ce a faɗa masa iyakarsa shigifa, kuma ya cire takalmi. Saura shekara biyu a wa'adinmu. Muna roƙon masu karatu da ke da irin wannan zaure a gidajensu su ɗaga kai su dubi rufinsa kafin su kira mai diga. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.